Layin da Aka Tsallake

Tun safe manhajar kwamfutar ofis take yi wa Dogo, mai kula da ita, gardama. Aikinta bai taka kara ya karya ba: a ba ta nauyin kaya da awon ƙasar da suka fito, ta mayar da shi kilo, direban ƙugiyar ɗaga kaya ya duba ya san ko igiyarsa za ta ɗauka. To, sai masu fayil ɗin ma'aunai suka sauya salon rubuta shi. Ita kuwa tsohuwa ce, da ta ci karo da layi mai sabon salo sai ta cije.

Manaja ya sake leƙowa. "Dogo, motoci sun cika mana fili. Wai sai yaushe?"

"Ranka ya daɗe, sai na koya mata sabon salon tukuna."

"Ni dai ta ba da lamba."

Ai kuwa Dogo ya bi gajeriyar hanya. Ya umarce ta, duk layin da ba ta gane ba ta tsallake shi ta yi gaba. Nan take ta daina ƙorafi, lambobi suka fito tas, aka tura wa direba. Manaja har da dafa masa kafaɗa.

Shirun ne bai kwanta masa ba. Abar da ta wuni tana taurin kai, a ce lokaci guda ta zama saliha? Ya buɗe layukan da ta tsallake. Yawancinsu tarkace ne, awon da ba mai waiwayarsa. Sai ga na tan. Tan iri biyu ne, ƙarami da babba, layin kuwa cewa yake a yi aiki da babba. Da ta tsallake shi, sai ta koma kan ƙaramin da ta sani tun da. Wato kowane ɗaurin ƙarfe da ke kan motocin ya fi abin da aka gaya wa direba nauyi.

Dogo ya miƙe zumbur. Ya isa taga. Ɗaurin farko ya riga ya bar mota, yana lilo a sama, igiyar ta miƙe sambal. A ƙarƙashinsa mai ba da hannu yana tsaye yana nuna inda za a sauke, kuma yayan Dogo ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ofishin yana hawa na uku, tagar ba ta buɗuwa, inji yana ruri. Dogo ya zaro wayarsa ya danna lambar yayan.

Wayar ta yi ƙara a bayansa, a kan tebur, inda yayan ya bar ta tana caji.