Ta Ƙofar Baya

Kibiyar da ke manne a ƙasa na fara lura da ita. Shekara da shekaru tana nuna dama, ranar Litinin sai na tarar an ɓamɓare ta an juya kanta hagu, ga sawun tsohon danƙo nan baƙi a gefenta.

Ina aiki ne a ɗakin tarihin kuɗi, wani dogon zaure a ƙasan ginin ma'aikatarmu. Watana biyar a wurin, kuma takardar tabbatar da ni a aiki tana kan teburin Darakta, ba a sa mata hannu ba. Mu biyu ne a zauren, ni da Baba Taska, wanda ya kafa shi tun kafin a haife ni.

Tsarin Baba mai sauƙi ne. Akwatunan gilashi ne a jere daga ƙofar gaba har ta baya, kowanne da katin shekararsa. A cikin kowane akwati akwai kuɗin ƙasar maƙwabtanmu a gefe guda, ɗaya gefen kuma namu da ya yi daidai da shi a wannan shekarar. A akwatin farko, takardarmu ɗaya ce tilo, tana zaune da isa a gaban nasu guda biyu. A na biyar sun yi kunnen doki. Daga nan namu ya fara hayayyafa: goma, hamsin, ƙunshi, ƙunshi biyu. A akwatin bana sai da kafinta ya ƙara wa gilashin tsawo, takardarsu ɗaya kuwa tana kwance a kusurwa ko a jikinta.

Darakta ya sauko da hantsi, yana fifita da fayil.

"Baba, ka ga gyaran da na sa aka yi? Jibi baƙi za su zo daga maƙwabta, kuma ta ƙofar baya za su shigo."

"Ta wajen kwandon shara, Yallaɓai?"

"Za a kwashe. Su fara da wannan tulin, su yi ta tafiya yana raguwa, har su ƙare a kan ɗayanmu da biyunsu. Mutum ya fita da daɗin rai."

"Ai baya za su yi ta komawa."

"Wa ya ce? Gaba za su taka, ƙafarsu ce shaida. Ba mu taɓa ko kwabo ba, ƙofa kawai muka canja. Katunan nan na shekaru ne za ka cire, suna raba wa mutane hankali."

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Da hannuna na rubuta su, Yallaɓai. Talatin da huɗu ne."

"Shi ya sa na ce kai za ka cire, kada wani ya yaga maka." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, Malama Shiru, ke za ki zaga da su. Kin yi jami'a, kin san yadda ake magana ba a ce komai ba. Takardarki ma na gan ta jiya, tana nan lafiya."

Da ya fita, Baba ya bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya yana zare katunan, yana hure musu ƙura. Ya ɗaure su da roba ya sa a aljihu.

"'Yata," ya ce, "in sun tambaye ki shekara, kin dai san ta. Ni na koya miki."

Na ce, "Na sani, Baba." Idona a ƙasa.

Da ranar ta zo, baƙin suka iso su shida, babbansu wani dattijo mai sanda da furfura har gira. Suka ratso ta inda aka kwashe shara, warin bai gama tafiya ba duk da turaren da aka fesa. Darakta yana gaba yana buɗe hannuwa. Baba yana tsaye jikin bango, hannunsa kan aljihu.

Na fara da tulin bana. Na yi bayanin irin takardar da launinta da zaren da ke cikinta. Muka ci gaba, tuli yana raguwa, Darakta yana ƙara faɗin ƙirji. "Kun gani ko? Sannu a hankali. Haƙuri da tsari ke nan."

A akwatin ƙarshe dattijon ya tsaya, ya sunkuya har numfashinsa ya dusashe gilashin. Ya daɗe yana kallon takardun ƙasarsu guda biyu.

"Ikon Allah," ya ce. "Irin wannan mahaifina ya ba ni ranar da na fara makaranta. Ban sake ganinta ba sai yau." Ya ɗago ya dube ni. "'Yata, wannan akwatin na wace shekara ne?"

Shekarar tana kan harshena. Na ji Darakta ya yi gyaran murya. Na kalli bango, Baba bai ko ƙifta ba.

"Ana kan bincike, ranka ya daɗe," na ce.

Dattijon ya yi murmushi, ya waiwaya ya dubi doguwar hanyar da muka biyo, har can ƙofar da suka shigo. Ya dafa kafaɗar Darakta.

"Wa ya kawo dabarar ƙofar nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Madalla. Mu ma muna da irin zauren nan, shekara uku ke nan a kulle, mun rasa yadda za mu nuna wa mutane. Sakatare, rubuta: ƙofar baya."

Aka yi tafi, aka ɗauki hoto a gaban akwatin, aka hau sama cin abinci.

Kafin a tashi aiki masinja ya kawo mini ambulan. Takardata ce, da sa hannu da hatimi, har da ƙarin layi na yabo kan iya hulɗa da baƙi. Ina riƙe da ita Baba ya zo teburina. Ya kalli ambulan, ya gyaɗa kai. Ya ciro katunan daga aljihu ya ajiye a gabana, ya ɗora makullin akwatunan a kansu.

Ya ɗauki jakarsa, ya bi jerin akwatunan a hankali, ya tsallake kibiyar, ya fita ta ƙofar gaba.