Rigar Hussaini Mai Dogon Hannu

Hussaini zabiya ne. Ya kai shekara talatin, rabinsu a zauren gidansu na Ƙofar Kwaya ya yi su. Rana na ɗagawa sai ya shige, ba ya leƙowa sai la'asar.

Ubansa Babaji yana da gona a Batagarawa. Bana gwiwa ta hana shi sunkuyawa. Ado, ƙanen Babaji, ya zo ya ce a ba shi gonar ya noma, tunda gidan babu namijin da ke iya fita rana.

"Ina da ɗa," in ji Babaji.

Likita ta taɓa cewa in Hussaini zai fita, sai da malafa da riga mai dogon hannu. Babaji ya tafi kasuwa ya yanko farin yadi shara-shara, irin wanda dattawa ke sawa da bazara, ya kai ɗinki.

Hauwa'u, matar Hussaini, ta shafa yadin ta durƙusa.

"Baba, kamar mai kauri likita ta ce."

"Wa ke sa mai kauri da zafin nan? Fari ake sawa. Ubana fari ya sa har ya mutu."

Hussaini ya sa farar rigar ya tafi sharar gona, zuciyarsa fes. Da ya dawo bayansa da kafaɗunsa sun yi jajur, sun tashi bororo. Rigar ta manne da fata, sai da Hauwa'u ta jiƙa ta da ruwa ta ɓamɓare. Ya yi kwanaki yana kwana rub da ciki.

Da ya warke ya ce, "Baba, mu je wajen Nasiru mai gwanjo."

Nasiru ya zube masu riguna yana dariya. "Baba, kai ma za ka shiga sahun samari? Ga mai hoton zaki."

"Rufe mani baki. Kawo masu hannu."

Hussaini ya ce a ɗaga kowace riga a duba rana ta cikinta. Wadda haske ya ratsa, rana ma za ta ratsa. Amma idonsa ba ya jure kallon sama, sai hawaye. Babaji ne ya tsaya tsakar kasuwa yana ɗaga riguna ɗaya bayan ɗaya, mutane na wucewa suna kallonsa. Haske ya ratsa fara. Ya ratsa ruwan ƙwai. Wata shuɗiya mai duhu, saƙarta a matse, ita ce ta toshe hasken.

"Akwai wata marar nauyi da ke tare rana," in ji Nasiru. "Ban ga ko ɗaya ba a dilar gwanjon bana."

Suka ɗauki shuɗiyar.

Ta tare rana, ko ɗigon ja bai fito ba. Sai dai ta riƙe zafi. Kafin hantsi ya yi ƙarfi gumi ya jiƙe Hussaini, jiri ya kwashe shi. Maƙwabcin gona ya ja shi gindin bishiyar bedi ya zuba masa ruwa. Washegari ya koma, haka ta sake faruwa. Ya gwada naɗe hannun rigar ya sha iska, damtsensa ya ƙone.

Ruwan shuka ya sauka, ko rabin gonar ba a share ba.

"Baba, ka ba ni mako guda," in ji Hussaini.

Babaji ya dubi damtsen. Ya dubi wuyan da fata ke saɓulewa.

"Shuka ba ta jira," ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya ɗingisa gidan Ado.

Da safe Hussaini ya sa shuɗiyar rigar, ya ɓalla maɓallan hannu har wuyan hannu, ya zauna a zaure. Ado ya wuce a kan babur da buhun iri, ya ɗaga masa hannu. Rana ta fara shigowa bakin ƙofa. Hussaini ya ja tabarmarsa ciki.