Ƙusa Huɗu

"Ajiye gudumar nan, baiwar Allah," in ji jami'in hukumar kayan tarihi.

Mehrun, telar da ke ƙofar gidan gajiyayyun, ba ta ajiye ba. Ƙusa huɗu za ta buga a bangon matakala ta ɗaura gora, don Zaibun Khala, wato Inna Zaibun, ta sami abin dafawa. Tsohuwar na zaune a saman bene tana kallonsu.

"Sahab, ranka ya daɗe," in ji Mehrun, "shekararta tamanin da biyu. Ɗakinta na sama, famfo na ƙasa."

"Ginin nan shekararsa ɗari da saba'in. Ko allura ba a soka masa sai da izini."

"Kin ji, ya girme ni," in ji Zaibun daga sama. "Bar dattijo ya huta."

Wata attajirar birnin Lucknow ce ta gina gidan don matan da ba su da kowa. Bara hukuma ta kwashe tsofaffin zuwa bene, ta gyara ɗakunan ƙasa saboda baƙi masu ɗaukar hoto.

Sau uku Mehrun na rufe shago ta je ofis. Aka ce masani zai zo ya duba irin ƙusar da ta dace da zamanin ginin.

Damina ta riga shi zuwa. Ranar Laraba da azahar Zaibun ta sauko alwala. Daga bakin keken ɗinkinta Mehrun ta ji butar ƙarfe na gangarowa, mataki bayan mataki. Kwana biyu tsohuwar ta yi a asibiti, ba ta farfaɗo ba.

Ran uku jami'in ya zo ta'aziyya da takarda a hannu.

"An amince. Amma ta tagulla, kuma sai an yi odar ta."

Sai idonsa ya kai kan bangon. Daidai kafaɗa, farar ƙasar ta yi baƙi ta yi sulɓi, tun daga sama har ƙasa. Ya ciro waya ya ɗauki hoto.

"Kar kowa ya goge wannan. Tarihi ne."

"Hannun Khala ne," in ji Mehrun.

Ta shiga shago ta fito da gudumar da ƙusoshinta na ƙarfe. A saman matakalar wata tsohuwa na tsaye riƙe da buta, tafinta ɗaya a bango.