Mota Mai Kyan Bincike

Tun kafin Kofur, ɗan sandan da ke tsaron hanya, ya gama ɗaga hannu Mai Firiji ya riga ya kunna sigina ya gangara gefen titi. Ƙafarsa ta san wurin fiye da shi kansa: bayan shataletale, gaban shagon mai faci, inda bakin kwalta ya gutsure. Ya kashe mota, ya zaro ledar takardu, ya fito da murmushin nan da shi ma ba ya ƙaunarsa.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?"

"Takardu," in ji Kofur.

Dogon mutum ne, mai ƙaramin kai, hularsa kullum kamar aro ya yi. Ya karɓi ledar ya buɗe lasisi, ya buɗe inshora, ya duba hoton ya dubi mai hoton, sai ka ce yau ya fara ganin ɗayansu. Alhali wata da watanni ke nan kusan kowace safiya sai sun yi wannan gaisuwa.

"Buɗe baya."

Motar tsohuwar ƙaramar bas ce da aka cire mata kujerun baya. Mai Firiji ya wangale ƙofofin biyu. Ga tukunyar gas, ga bututun jan ƙarfe a nannaɗe, ga kwamfiresa biyu, wato injin firiji, da ya ciro jiya, ga akwatin kayan aiki. Kofur ya sa shi ya sauke tukunyar ƙasa, ya ƙwanƙwasa ta da sandarsa, ya tambayi abin da ke ciki. Amsar da ya ba shi jiya ita ya sake ba shi.

Ana cikin haka motar makaranta ta zo wucewa, ta rage gudu saboda ramin wurin. Fuskokin yara suka cika tagogi. Mai Firiji ya waiwaya ya ga 'yarsa Ƙarama ta sulale a kujerar gaban motarsa har kanta ya ɓace daga taga. Ya ɗauka wasa take yi.

Can wata baƙar mota ta wuce, Kofur ya ƙame ya sara mata. Bai daɗe ba ya miƙo ledar.

"Je ka."

Da suka isa makaranta an riga an rufe ƙofa. Mai gadi ya buɗe ƙaramar yana girgiza kai, Ƙarama ta shige ba ko sallama.

Abin da ya fi damun Mai Firiji shi ne Kofur bai taɓa neman komai a wurinsa ba. Da na shayi yake so, da an san inda aka dosa. Sau ɗaya ya gwada dunƙula masa wani abu a cikin takardu, mutumin ya mayar masa yana harararsa. To me yake nema? Kowa a gida da nasa bayanin. Uwar yara ta ce ya canza hanya, ita ba ta san cewa ɗaya hanyar sai an zagaye rabin gari ba. Surukinsa, wanda bai taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba sai a baki, ya ce a rubuta ƙara a kai sama. Ƙanensa ya ce ya ɗauki bidiyo ya watsa. Maƙwabcinsa kuwa cewa ya yi, "Yaya, ko dai kama kake yi da wani da suke nema? Aske gemun nan mu gani." Ya aske. Washegari Kofur ya daɗe yana kallon hoton lasisi, ya ce me ya sa fuskar ta canza.

Wajen tsakar rana yana kwance a bayan wani ƙaton firiji a kantin sayar da magani, hannunsa duk maiƙo, wayarsa ta yi ƙara. Shugabar makaranta ce. Ta ce ya zo yanzu.

Ya tarar da Ƙarama a tsaye a ofis, aljihun rigarta a yage, idonta a bushe. A kan benci wata yarinya ce zaune da auduga a leɓe. Shugabar, mace mai tabarau da ba ta ɓata magana, ta nuna masa kujera.

"'Yarka ta fasa wa 'yar mutane baki."

"Ƙarama? Ita da ko ƙuda ba ta iya korewa?"

"Yau ta kore." Ta juya wurin yarinyar. "Faɗa wa babanki abin da aka ce miki."

Ƙarama ta dubi ƙasa. Da ƙyar maganar ta fito.

"Cewa ta yi babana ɓarawon firiji ne. Wai kullum 'yan motar makaranta suna ganin 'yan sanda suna kama shi." Ta ƙara da cewa, "Duk 'yan ajinmu suna ce mini 'yar ɓarawo."

Shugabar ta ce ita ba ta shiga abin da ba ta sani ba, amma duka duka ne, kuma latti ya yi yawa. In aka sake ko ɗaya daga ciki, sai yarinya ta zauna a gida. Mai Firiji ya ba da haƙuri, ya ba uwar yarinyar haƙuri a waya, ya ce zai biya magani. Haƙuri dai abu ne da ya iya bayarwa, bakinsa ya saba.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Sai da suka kusa unguwa Ƙarama ta ce, ba tare da ta kalle shi ba, "Baba, in ba ka yi komai ba, me ya sa kai kaɗai suke tsayarwa?"

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, don ya gane ba tsokana ce ta fi cin yarinyar ba. Ita ma ta fara tunanin ko gaskiya ne.

Ya sauke ta a gida, ya bar motar a ƙofa, ya taka da ƙafa zuwa shataletale. Bai san abin da zai yi ba, ya dai san yau ba zai ce wa kowa ranka ya daɗe ba.

Ya sami Kofur a kan bencin mai faci, a inuwa, ya cire takalmi ɗaya yana matsa ƙafa. Ƙafar ta kumbura, safar ta huje a babban yatsa. Ba hula, ba sanda a hannu, sai ya zama wani mutum mai furfura a gefen kunne. Bai ma gane Mai Firiji ba sai da ya matso.

"Af, mai bas. Ina motar?"

"Tana gida. Tambaya na zo yi." Ya tsaya a gabansa. "Me na yi maka?"

"Kai? Ba komai."

"Wani ya kawo ƙarata?"

"Wa zai kawo ƙararka?"

"To don girman Allah me ya sa kullum ni?"

Kofur ya dube shi, ya dubi mai faci da ya miƙa kunne yana yi kamar yana duba taya. Ya matsa gefe a kan bencin.

"Zauna. Tsayuwarka tana ƙara mini ciwon ƙafa."

Mai Firiji ya ƙi zama. Kofur ya ɗaga kafaɗa.

"Ka ga baƙar motar nan da take wucewa da safe? Babbanmu ne, hanyar ofis ɗinsa ce. In ya wuce ya gan ni a tsaye hannu rabbana, ba mota a gefe, kafin rana ta yi tsaka an kira ni, wai ba na aiki. Wanda na gada a nan haka aka yi masa, yanzu yana can bakin daji, iyalinsa sai ƙarshen wata suke ganinsa. Dole in ya zo wucewa ya ga ana bincike."

"Sai ka binciki masu laifi."

"Wanne? In na tsayar da mai babbar mota, ko gilashi ba zai sauke ba, waya zai ɗaga, ni ne da ba da haƙuri. In na tsayar da yaran nan, sai gardama da ɗaukar hoto. In kuma na yi rashin sa'a na tsayar da wanda takardunsa ba su cika ba, to na jawo wa kaina, sai na bi shi ofis, in yini ina rubutu, wurin nan ba kowa." Ya ci gaba da matsa ƙafarsa. "Kai kuwa takardunka tsaf. Ba ka gardama. Lokacinka ɗaya da na babbanmu. Ga motarka da kyan bincike, ƙofa biyu a wangale, tukunya a ƙasa, wayoyi ko'ina. Daga nesa sai ka rantse mun kama wani babban abu."

Mai faci ya kasa riƙe dariyarsa, ya mayar da ita tari.

"Wato don ba ni da laifi kake tsayar da ni," in ji Mai Firiji.

"Kuma ai kai kake tsayawa. Tun daga shataletale kake rage gudu kana leƙen fuskata. Wani lokacin hulata kawai zan gyara, sai in ga ka kunna sigina."

Ran Mai Firiji ya ɓaci ƙwarai. Da mutumin ya ce ya tsane shi ne, da ya fi masa sauƙi. Wata da watanni yana kwana yana tuna wanda ya ɓata wa rai a duniya, ashe shi kayan ado ne a bakin titi. Ya gaya masa zancen motar makaranta, da sunan da ake kiran 'yarsa, da leɓen da aka fasa, da tambayar da ta yi masa a mota. Bai ɗaga murya ba, amma bai rage komai ba.

Kofur ya daina matsa ƙafar.

"Ban lura da yarinya a ciki ba," ya ce.

"Ɓuya take yi."

"Ni ma ina da kamarta." Ya jawo takalminsa ya fara cusa ƙafar a hankali yana cije baki. "Gobe kada ka kalle ni. Kada ka rage gudu, kada ka gaishe ni. Ka dubi gabanka ka wuce kamar kowa."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"In babban naku ya zo fa?"

"Wannan ba damuwarka ba ce," in ji Kofur. "Titi ai ba ya rasa mutane."

Washegari Ƙarama ta shiga mota da aljihun da uwarta ta ɗinke mata. Tun daga nesa ta fara sulalewa a kujera.

"Zauna sosai," in ji babanta.

Suka shiga shataletale. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta tana neman birki, ya mayar da ita kan totur da ƙarfin hali. Ta gefen ido ya ga dogon mutumin da hularsa, bai juya ba. Ya kafa ido a bayan motar da ke gabansa. Shagon mai faci ya zo ya wuce. Ba usur, ba tsawa.

Ƙarama ta miƙe zaune, ta dubi hagu ta dubi dama.

"Baba! Mun wuce!"

"Mun wuce."

Daɗi ya cika shi har ya ji kamar ya yi hon. Sai ya ɗaga ido ya dubi madubi. Kofur ya ɗaga hannu, wani mai keke mai ƙafa uku yana gangarawa gefe, daidai inda kwalta ta gutsure. Mai Firiji ya san shi. Mai wanki ne na bayan layinsu, dattijo mai sanyin hali da ko kare ya tare masa hanya sai ya ce masa sannu. Bayan kekensa cike da ƙullin kayan mutane, a kan ƙullin kuma ɗansa ne zaune, da riga irin ta Ƙarama. Dattijon ya riga ya sauko yana lalube aljihu yana murmushi. Motar makaranta tana tafe a bayansu, ta fara rage gudu saboda ramin.

Ƙarama ta durƙusa a kan kujera tana leƙe ta gilashin baya.

"Lah, baban ɗan ajinmu ne! Baba, shi me ya sata?"

"Bai saci komai ba."

"To me ya sa aka kama shi?"

"Juyo ki zauna."

Suka isa makaranta ƙofa a buɗe, ko ƙararrawa ba a buga ba. Mai gadi ya dubi agogonsa ya dube su ya ce, "Yau da alheri." Ƙarama ba ta jira motar ta gama tsayawa ba. Ta dira da jakarta, ta nufi gungun 'yan ajinsu da gudu, fuskarta cike da labari. Ya ga ta nufi yarinyar nan mai tabo a leɓe, tana nuna hanyar shataletale da hannu.

Akwai firiji biyu da ke jiransa a wancan gefen gari, kuma yau ce rana ta farko da zai isa a kan lokaci. Mai Firiji ya kashe motar. Ya fito ya tsaya a bakin ƙofar makarantar, ya ƙwala wa 'yarsa kira da cikakken sunanta, wanda ba ya kiranta da shi sai magana ta yi nauyi. Ta tsaya cak, bakinta a buɗe, ta waiwayo.

"Zo nan," ya ce. "Kafin ki faɗa wa kowa komai, zo ki ji."