Ranar da Auta Ta Daka wa Babanta Tsawa

Shekara huɗu Auta ta yi a jami'a tana karatun yadda jikin mutum yake aiki, amma har ta gama babanta bai iya faɗin sunan karatun ba. Shi kafinta ne a kamfanin kujeru. In abokan aiki suka ce, "Ya likitarmu?" sai ya yi gyaran murya ya kama wata magana. Ba likita ba ce, kuma abin yana cin ransa. Ga ta da sanyin murya, ko gaisuwarta sai ka kasa kunne.

Ana nan sai kamfani ya ce duk mai shaƙar ƙurar katako a gwada masa huhu, wanda bai kai ba ya ajiye aiki. Kafinta ya tafi asibiti cikin fargaba, don ya san yadda yake haki a matakala. Aka nuna masa wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda. Yana tura ƙofa sai ga Auta cikin farar riga, a gaban kwamfuta.

Ta gaishe shi, ta maƙala masa ɗan abin matse hanci, ta miƙa masa bututu.

"Baba, ka ja numfashi, sai ka hura," ta ce, kanta a ƙasa.

Ya hura kamar mai shan shayi da zafi. Layin da ke kwamfuta ya ɗan ɗaga, ya kwanta. Suka sake, bai canja zani ba.

"Ban kai ba ko?" ya tambaya.

"Huhunka ya fi haka, Baba. Laifina ne. Gwajin nan sai an zaburar da mutum, haka aka koya mana. Ni kuma ina jin nauyinka."

"To, yi mini yadda kike yi wa kowa."

Auta ta miƙe, ta gyara tsayuwa.

"Ja! Ƙara ja! Hura! Kar ka tsaya, da saura, fitar da shi duka!"

Tsabar firgita, bawan Allah ya hura har idanunsa suka yi ja. Layi ya yi sama. Ta sa shi ya maimaita har sai da ta gamsu.

"Likita zai duba ya sa hannu, amma aikinka na nan," ta ce, muryarta ta koma sanyinta. "Sai dai takunkumin kare ƙurar nan da kake ratayawa a wuya, don hanci aka yi shi."

Ya fito ya zauna a benci yana mai da numfashi, daɗi ya cika shi har wuya. Daga ciki aka jiyo ta tana yi wa na bayansa irin tsawar. Wata dattijuwa da ke jiran layi ta taɓe baki.

"Ji yarinya tana yi wa manya ihu. Ko 'yar waye oho."

Kafinta ya gyara zama.

"Tawa ce, Hajiya. Sai da ta je jami'a ta koyo. In kin shiga, ki hura kawai."