Layin da Na Kawo Daga Gida

Bara da Sallah na kai Bahijja, autata, gidan wasan yara. Muka tsaya a layin babban lilo tun rana na dukan ƙeya har aka kira magariba, aka kashe inji muna kallo. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Da kukan ta yi da ya fi min sauƙi.

Saboda haka bana na yi shiri irin na mai tafiya Hajji. Na je wurin tun cikin azumi, na yi hira da maigadi, ya tsegunta min cewa da hantsin ranar Sallah ƙuda ma ba ya giftawa, kowa yana gaishe-gaishen dangi. Ana saukowa daga Idi, sai mu sulale. Matata Ummulkhairi kaɗai na faɗa wa, ita ma sai da na rufe taga.

Washegari ƙanena Mustapha ya tare ni a soron gidanmu na Sheshe.

"Yaya Hamza, ina za a nufa ne bana?"

"Wa ya ce maka za a nufi wani wuri?"

"Gani na yi ka wanke hula tun yanzu."

Mutum ba ya lura da hular wani a banza. Na koma na tsare Ummulkhairi.

"Malam, ni da ko tsakar gida ban fita ba?"

Na kalli Bahijja. Ta rantse 'yar tsanarta kaɗai ta gaya wa. 'Yar tsanar ma ban yarda da ita ba.

Saura Ya Kaka, ƙanwar mahaifinmu. A gidanmu ba a taka waje ranar Sallah sai an durƙusa mata, ta jero addu'a da Barbarci har ƙafa ta yi sanyi. Na ce bari in yi wayo, in gaishe ta tun kafin Idi.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Hamza, kai da kullum sai an aika a kira ka? Me ka ɓoye?"

"Zumunci ne kawai, Ya Kaka."

"Zumuncin lilo ko? To, jikokina duka za ka kwasa. Mustapha ya raka ka."

Mustapha na bakin ƙofa, ya duƙufa gyaran takalmin da babu abin da ya same shi.

Muka isa cikin jerin adaidaita kamar masu kai lefe. Maigadi bai yi ƙarya ba, fili wayam. Sai dai da yaran gidanmu suka jeru a gaban lilon, layi ya miƙe har wajen mai sayar da ƙanƙara. Da hannuna na kawo shi daga gida.

Nan kuma kara ta hau kaina. Ni na kawo yara, da wane ido zan sa tawa gaba, 'ya'yan 'yan'uwa na baya? In na yi haka, kafin la'asar labari ya kai unguwar Dala. Na ja Bahijja can ƙarshe. Ta sake yi min kallon nan. A bakin get kuwa motoci sun fara sauke jama'ar gari, mai lilo yana cewa man janareto ba zai kai ko'ina ba.

Sai Mustapha ya zo ya kama hannunta.

"Haba Yaya, 'yata ce za ta tsaya a baya? Taho, uwata."

Ya kai ta gaba, ya turo min nasa ukun ƙarshen layi, kamar yadda ya dace. Wai kuma kada ta tsorata, sai ya naɗe babbar riga ya zauna kusa da ita. Lilo ya tashi. Ina jiyo ihun Bahijja daga sama, amma na Mustapha ya fi nata ƙarfi.

Na yi masa godiya, ba zan ɓoye ba. Sai dai ina tsaye a rana, riƙe da takalman yara da ƙaramin ɗansa mai neman fitsari, na ga ya sauko yana tambayar mai lilo ko manya na iya zagaye na biyu.