Fankshin Ɗin Dunoma Na Ƙarshe

Ni da Dunoma muka rubuta manhajar da ke tura wa manoman fadama saƙo in ruwan kogi ya fara tashi. Ina Nguru, yana Gashuwa, aikinmu duk ta waya. Shi ya ɗauki ɓangaren ƙananan fankshin, guntayen umarnin nan da sauran manhajar ke kira a kai a kai, ya kafa musu doka: kowanne sunan gari zai fara karɓa, sannan rana, in kuma ya rasa amsa dole ya yi ƙorafi, ba ya mayar da sifili ya yi gum ba. Na sha faɗansa a kan wannan har na ƙosa. Cewa yake mai kiran fankshin bai kamata ya tsaya tunani ba, kamar mai sa hannu a aljihun kansa, ya san inda komai yake.

Ciwon ƙoda ya ɗauke shi da bazara. Tun daga nan, in na zauna rubutu sai in ji kamar yana tsaye a bayana yana jan tsaki, har nakan waiga.

Da damina ta ƙarato, na gwada manhajar da alƙaluman ambaliyar bara, sai saƙon garin Karasuwa ya ƙi fita. Kwana biyu ina bin layi-layi kafin in kama mai laifin. Fankshin ɗaya ne, rana yake fara karɓa sannan gari, kuma da aka ba shi yadda ake ba sauran, sifili ya mayar. Wato ruwa na iya cinye gonaki, manhaja tana cewa lafiya lau.

Raina ya ɓaci, na duba in ga wane sakarai ne ya rubuta, don ana nuna sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe da ranar da ya taɓa shi. Dunoma ne. Ranar ma na gane ta, ranar da na kira shi na ce zan hau mota in zo duba shi.

"Yi zamanki, Hadijatu," ya ce. "Na ji sauƙi, ga ni ma ina aiki."

Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Da na buɗe aikin nan a ranar, da na san mutumin da ya manta dokarsa ba sauƙi ya ji ba.

Layi tara ne, su ne na ƙarshe da ya rubuta, kuma wallahi ban so taɓa su ba. Amma ga manoma har sun yi shuka. Na gyara, saƙon Karasuwa ya fita. Ina kallo sunansa ya sauka daga layukan taran, nawa ya hau.